Yadda Aku Ya Tsare Musa, Ya Kuma Tsare Ajina

A makarantar da na taɓa koyarwa, darasin ƙarshe na ranar Alhamis shi ne wanda kowane malami yake gudu. Ni aka ba shi shekara biyu a jere: Hausa, aji biyu na ƙaramar sakandare. Alhamis ce ranar kasuwar garin. Tun wajen sha biyun rana hankalin yara yake barin aji ya koma bakin tasha, inda motocin ƙauye ke sauke buhunan masara da akurkin kaji. A rajista yaran sun haura 60, amma in aka kaɗa ƙararrawar darasin ƙarshe da ƙyar ake ƙirga 40. In bazara ce kuwa, kwanon rufi ya ɗauki zafi, waɗanda suka rage ma rabinsu gyangyaɗi suke yi, rabi suna fifita da littafin rubutu.

Akwai wani yaro da ke zama a bencin bakin ƙofa. Ya girmi 'yan ajin da shekara biyu ko uku, dogo ne, ba ya yawan magana. Littafin rubutunsa guda ɗaya ne, yana naɗe shi ya cusa a aljihun baya. Da na juya na fuskanci allo, kafin in waiwayo wurinsa ya zama fili. Na yi faɗa, na yi nasiha, na kai ƙararsa ofis, an yi masa bulala sau biyu. Alhamis ta gaba ya sake fita.

A zangon da wannan abu ya faru, manhaja ta kawo mu kan adon harshe. Na rubuta musu kamantawa da siffantawa da mutuntarwa da kambamawa a allo, kowanne da ma'anarsa da misali biyu. Sun haddace tsaf. In ka ce mene ne mutuntarwa, wato ba abin da ba mutum ba halin mutum, sai su amsa baki ɗaya kamar masu biya karatun allo. Amma in ka karanta musu jimla ka ce me ta yi muku a zuci, sai a yi tsit. Abin ya dame ni ƙwarai, domin adon harshe an yi shi ne don ya taɓa mai sauraro, yaran nan kuwa babu abin da ya taɓa su. Wata Alhamis sai na ajiye alli, na zo da tsohon kwafina na Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi na ɗaya, wanda bangonsa ya rabu na ɗaure da salatif. Na ce yau ba rubutu, ku saurara kawai.

Wanda ya karanta littafin ya san yadda aka ɗaura zaren. Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji ya daɗe bai sami ɗa namiji ba, sai daga baya Allah ya ba shi Musa, 'yarsa kuma ta haifi Mahmudu, yaran suka tashi tare kamar tagwaye. Waziri, wanda ya daɗe yana hangen gadon sarauta, ya ga ta kuɓuce masa. Aka sayi wani aku mai magana aka kawo fada. Yaƙi ya taso tsakanin Sarki da Sarkin Sinari, Sarki ya fita da Mahmudu, ya bar Musa a gida da sharaɗin kada ya fita sai da iznin aku. Waziri ya haɗa baki da abokan gaba, aka kitsa saƙon ƙarya da sunan Mahmudu don Musa ya fito da dare ya faɗa hannunsu. Musa ya yi ɗamara, ya zo neman izni.

Da ya zo, macen aku ya fara tambaya. Ita kuwa ta faɗa masa gaskiya tsirararta, cewa ba ta yarda ba. Musa ya fusata, ya kashe ta nan take. Ina kaiwa nan sai wata yarinya a layin gaba ta ce, "Kai! Malam, ai gaskiya ta faɗa masa!" Na ce haka ne. Ta ce, "To don me zai kashe ta?" Wani daga baya ya ce ai ba a yi wa ɗan sarki magana haka. Aji ya kaure da gardama, abin da ban taɓa gani ba a darasin ƙarshe na Alhamis. Na bari suka yi ta yi na ɗan lokaci, sannan na ɗaga littafin, suka yi shiru da kansu.

Sai ga aku. Ya ga abin da ya sami matarsa, ya san in ya ce a'a shi ma ya bi ta, in kuma ya ce tafi, ɗan Sarki ya halaka. Sai ya nuna wa Musa yana tare da shi, ya yaba niyyarsa, ya yi kamar ƙofa a buɗe take, sannan ya sako zancen da ya kai ga labari. Musa ya tsaya ya ji, labari ya yi ta tafiya har gari ya waye, fita ta fasu. Ina cikin karanta wannan sai na ji murya daga bakin ƙofa: "Malam, wayo yake masa." Na ɗaga kai, yaron nan ne, yana zaune, ƙafa ɗaya a waje ɗaya a ciki. Na ce, "Ka gane ke nan. To mu tsaya tunda an gane?" Ya ce, "A'a, Malam, a ƙarasa." Aka kaɗa ƙararrawar tashi ina tsakiyar shafi, babu wanda ya ɗauki jakarsa.

Wannan amsa tasa ita ta sa na zauna na yi ta nazarin lamarin. Yaron ya ga tarkon da idonsa, ya ambaci sunansa, amma bai fita daga cikinsa ba. Mukan ɗauka cewa dabarar magana tana aiki ne a kan wanda bai gane ta ba, da ya gane shi ke nan ta warware. Abin da na gani a ajina ya saɓa wa haka. Ganewar ma ƙara masa daɗi ta yi, domin yanzu abu biyu yake bi a lokaci guda: labarin da aku ke bayarwa, da kuma ko wayon zai ci gobe.

Abu na farko da aku ya yi shi ne bai tare gaban Musa ba. Duk wanda ya taɓa ganin makiyayi yana juya garken da ya zabura ya san ba ya tsayawa a gabansu ya buɗe hannu, don sai su bi ta kansa. Gefe yake bi, ya yi gudu tare da su, sannan ya karkato da na gaba a hankali, sauran su biyo. Macen aku ta tsaya a gaba. Abin da ta faɗa da abin da mijinta yake nufi ɗaya ne, kada Musa ya fita, amma ita ta sa shi a matsayin da in ya zauna ya zama an fi ƙarfinsa, tsuntsuwa ta hana ɗan sarki. Aku ya bar masa girmansa. Kowane dare Musa yana komawa ɗaki da tunanin shi ne ya makara, gobe zai fita da wuri. Mutum yakan jure a jinkirta shi sau goma in dai ba a nuna masa an hana shi ba, wannan kuwa duk wanda ya yi zaman sulhu tsakanin miji da mata ko tsakanin manomi da makiyayi ya san shi. Da na tuna bulalar da na sa aka yi wa yaron nan sau biyu, na ga a wane layi nake tsakanin tsuntsayen biyu.

Na biyu ya fi wannan zurfi, kuma shi na fi so in tsaya a kansa. Aku ba ya cewa zauna in ba ka labari. Yakan jefa wata 'yar magana ce da ba ta cika ba, ya ambaci wani mutum ko wata dabba da abin da ya same su, ko ya kawo karin magana ya bar ta a rataye, har sai Musa ya tambaya da bakinsa. Da zarar ya tambaya, labarin ya zama nasa, shi ya nema. Bahaushe ya san wannan tun a tsakar gida. Mai tatsuniya ba ta fara labari kai tsaye. Cewa take yi, "Ga ta nan, ga ta nanku," ta yi shiru. Sai yara sun ce, "Ta zo mu ji ta," sannan ta buɗe baki. Wannan amsa alkawari ce: mun ba ki kunnenmu, mu muka kira ta. Yaron da ya ce ta zo ba ya tashi a tsakiya, domin ya sa hannu a cikin abin. Duk ƙoƙarin aku a kowane dare shi ne ya sa Musa ya ce "ta zo mu ji ta" ba tare da ya san ya faɗa ba. Marubucin kuma haka yake yi wa mai riƙe da littafin. Tambayar da Musa ya yi ita ce daidai tambayar da ta taso a zuciyar mai karatu daƙiƙa ɗaya kafin nan. Shi ya sa yaron bakin ƙofa ya ce a ƙarasa. Tambayar ta riga ta zama tasa.

Wannan tsari na tsuntsu mai tsare mutum da labari ya yi doguwar tafiya kafin ya iso Zariya. A Indiya akwai tsohon littafi da harshen Sanskirit mai suna Shuka Saptati, wato labarai saba'in na aku. A ƙarni na 14 Nakhshabi ya sake gina shi da Farisanci da sunan Tutinama, darare 52. A can, matar wani ɗan kasuwa ce mijinta ya yi tafiya, take son fita da dare wurin wani namiji, aku yana tsare ta da labari har asuba. Har tsuntsuwar da ta faɗi gaskiya gatsal aka kashe ta tana cikin na Farisancin. Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya na wata shida, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiya da na Turai, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito kashi uku tsakanin 1937 da 1939. Bai kai shekara 30 ba a lokacin.

Abin da ya sauya a cikin tsarin shi ne ya nuna gwanintarsa. Ya cire matar da ke son cin amanar miji, ya sa saurayi mai son kai wa ɗan'uwansa ɗauki a fagen fama. Littafin makaranta ne, ba shakka wannan yana cikin dalili, amma sauyin ya yi wani aiki a zuciyar mai karatu wanda ya wuce tsabtace labari. Matar ɗan kasuwa in an tsare ta, mai karatu ba ya jin an tauye wani abu mai kyau. Musa kuwa abin da ke jan sa abin yabo ne: zumunci, jarunta, da gudun a ce ɗan sarki ya ɓuya a ɗaki maza suna bakin daga. Yaran ajina, musamman mazan, suna son ya fita. Amma an riga an nuna musu makircin Waziri, sun san abin da ke jiran sa a bayan ganuwa, shi kuwa bai sani ba. Sai zuciyarsu ta rabu biyu. Na ga yaro yana cewa "ka tafi mana" a hankali, sannan ya dafe baki. Idan marubuci ya ba mai karatu sanin da bai ba tauraron labari ba, ya ɗora masa nauyi ne, kamar wanda ke kan katanga yana hangen rami a gaban makaho, ba shi da halin yin kira. Ba a iya ajiye littafi da irin wannan nauyi a ka.

Mutane kan kwatanta aku da Shaharzad ta Alfu Laila, wato Dare Dubu da Ɗaya, kuma akwai kama, amma aikinsu ya bambanta. Shaharzad yanke labari take yi in asuba ta yi, ta bar sarki da ƙishirwa don ya bar ta da rai zuwa gobe. Aku shi dare yake so ya ƙone, saboda haka yakan kai labarinsa ƙarshe, Musa ya sami biyan bukata, sai dai lokaci ya tafi. Jan rai iri biyu ne. Na Shaharzad shi ne wanda marubutan littattafan soyayya suka riƙe a shekarun 1990, a kai ka bakin gaɓa a ce mu haɗu a littafi na biyu, kuma shi masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp suke yi yau. Yana aiki, amma yana gajiyarwa, kuma in aka yawaita shi mai karatu yakan ji kamar ana wasa da shi. Na aku ya fi ladabi ga mai sauraro. Kowane zama ana sallamar ka da cikakken labari a hannu, babbar tambayar ce kawai take nan a rataye: yaushe Sarki zai dawo, kuma labaran aku za su kai har ranar? Ga malami mai minti 40 a mako wannan tsari kamar don shi aka yi.

Zaɓen aku ma a matsayin gwanin labarin ba ƙaramin abu ba ne. Mai wayo a tatsuniyoyinmu Gizo ne, shi kuwa wayonsa na cikinsa ne, ya cuci Ƙoƙi, ya cuci kura, ya cika tumbi. Muna dariyarsa amma ba ma ba shi amana. Aku mai bakin magana an san shi da maimaita abin da ya ji, sai ga shi a nan an ba shi hankalin dattijo. Saye aka yi aka kawo shi, a keji yake, hannu ɗaya ya isa ya murɗe masa wuya, ba shi da komai sai harshe, amma ran ɗan sarki da makomar gari suna rataye a bakinsa. A ƙarshen littafi na ɗaya shi aka naɗa Waziri. Na lura 'yan matan ajin da ƙananan yaran da ake dannewa su suka fi son sa. Da na tambaye su mene ne mutuntarwa bayan mako uku, yarinyar nan ta layin gaba ba ta biya mini haddar allo ba. Cewa ta yi, "Malam, shi ne a ba wanda ba a jin maganarsa baki." Ba haka ma'anar take a littafin darasi ba, amma na rubuta ta a gefen allo na bar ta har ƙarshen zango.

A cikin labaran kansu akwai ƙananan dabaru da na gwada a kan yaran da gangan. Da yawa daga kanun labaran karin magana ne: Banza Ta Kori Wofi, Saurin Fushi Shi Ke Kawo Da Na Sani, Munafuncin Dodo Yakan Ci Mai Shi. Wanda bai duba da kyau ba zai ce ai wannan tona asirin labari ne tun kafin a fara. Sai na riƙa rubuta kan labarin mako mai zuwa a saman allo in tafi. Kafin Alhamis ta zagayo sun yi ta gardama a kansa, kowa ya ƙaga nasa labarin da zai dace da karin maganar, wasu har sun tambayi kakanninsu. Karin maganar ta zama kamar bashi da marubuci ya ci a gabansu, suna jira su ga da wane kuɗi zai biya. Sun san inda za a sauka, hanyar ce ba su sani ba, kuma ashe hanyar ce ke riƙe mutum. Sunaye ma haka. Da an ce Sahoro da Sahorama aji ya fashe da dariya tun ba su yi komai ba, sunan ya gama siffanta su, marubuci ya huta da dogon bayani. A littafi na biyu da na uku kuma tsuntsayen da suka shigo Haziƙ ne da Fasih, sunayen da duk wanda ya zauna a gaban malamin zaure ya san me suke nufi.

Ranar da aka fi dariya ita ce ranar Kalala da Kalalatu, wanda na ɗauko musu don in nuna harshen damo. Asalinsa yana cikin tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan biyu na Jamus, Grimm, suka tattara, amma ba mai jin ƙanshin baƙunta a jikinsa. Mata ta cinye kaji biyu da aka soya don baƙo. Don ta rufa wa kanta asiri, ta gaya wa baƙo cewa wuƙar da mijinta ke wasawa dominsa ce, baƙo ya zura da gudu, ta juya ta gaya wa miji cewa baƙo ya sure kajin. Miji ya bi shi da wuƙa a hannu yana roƙon a bar masa ko ɗaya. Shi kaza yake nufi, mai gudu kuwa ya ɗauka ɗaya daga gaɓoɓin jikinsa ake nema, ya ƙara mai. Kalma guda, ma'ana biyu, kuma mai karatu kaɗai ne yake riƙe da duka biyun. Dariyar da yaran suka yi dariyar mai sani ce, an ɗora su sama da mutanen cikin labarin. Da na ce su kawo misalin harshen damo daga gida, hannuwa sun fi 20 a sama, yawancinsu daga habaicin kishiyoyi da zancen 'yan kasuwa.

Dariyar nan tana da wani gefe da ba zan ɓoye ba. Wata rana labarin da na karanta baƙauye ne abin dariya a cikinsa. Ina karatu ina jin aji yana shewa, da na ɗaga kai sai na ga idanu sun koma kan wasu yara biyu da ke zuwa da keke daga wani ƙauye mai nisa. Ɗayansu yana murmushin dole, ɗayan ya sunkuyar da kai yana kankare bencin da farce. Dabarar da ta ɗora mai karatu sama tana bukatar wanda za a ɗora shi a kansa, kuma wani lokaci wannan mutumin yana zaune a cikin ajin. Ina ƙaunar littafin nan, a cikinsa na koyi daɗin Hausa, amma an rubuta shi a zamaninsa da idon ɗan birni mai ilimin boko, kuma zaƙin harshensa yana sa a haɗiye irin wannan ba a tauna ba. Ranar na rufe littafin kafin lokaci, na tambayi ajin wa ya noma masarar da aka ci a gidajensu jiya. Ba a amsa ba, amma shewar ta tsaya. Daga ranar na riƙa karanta kowane labari a gida tukuna, ina tuna fuskokin da za su saurare shi.

Wani yaro mai kaifin kai ya taɓa tsayar da ni da tambayar da ban shirya mata ba. Ya ce, "Malam, to ai Waziri ma da magana ya yi aiki." Gaskiyarsa. Saƙon ƙaryar da aka kai wa Musa ya ari muryar wanda yake ƙauna, ya taɓo zumunci, ya taɓo kunya, ya sa gaggawa don kada a sami lokacin tunani. Kayan aikin ɗaya ne da na aku, kuma su ne kayan aikin mai damfara ta waya da ɗan siyasa a kan mumbari. Bambancin da muka iya ganowa tare da yaran shi ne ɗaya yana hanzarta Musa, ɗayan yana saya masa lokaci. Na ce su riƙe wannan in wani ya zo musu da magana mai daɗi yana cewa yanzu-yanzu.

Sakamakon zangon ba abin a buga ganga ba ne, amma na gan shi. Alhamis ta daina zama kango, yara kan kai 55 ko fiye. A jarrabawa, tambayar kawo ma'ana ba ta sauya sosai ba, masu hadda sun ci, marasa hadda sun faɗi. Inda na ga bambanci shi ne insha'i. Da, kowa da "A wata rana" yake farawa. Yanzu sai ga wata ta buɗe nata da gargaɗin kada ƙawarta ta zama kamar kazar maƙwabciyarsu, ta bar maganar a nan ta shiga wani zance, sai a sakin layi na uku ta dawo kan kazar. Ina maki na tsinci kaina ina sauri in ga me ya sami kazar nan.

Yaron bakin ƙofa kuwa ya zauna Alhamis biyar a jere. Na ji daɗi ƙwarai, har na ba da labarinsa a ɗakin malamai. A ta shida, bayan an tashi, ya tsaya har kowa ya fita, ya zo ya durƙusa gefen teburina. Ya ce, "Malam, don Allah ina da magana." Na ce ina ji. Ya ce mahaifinsa ya rasu shekara biyu da suka wuce, baro yake turawa a kasuwa ranar Alhamis, abin da ya samu a ranar shi mahaifiyarsa ke juyawa har mako ya zagayo. Daga azahar zuwa la'asar ne ake samun lodi, in ya tsaya aka tashi da shi, kafin ya karɓo baron haya ya isa manyan motoci sun gama saukewa. Mako biyar ke nan abin da yake kaiwa gida bai kai rabi ba. Ya ce, "Na kasa tashi ne, Malam. In da hali a mayar da karatun nan Laraba."

Na daɗe ban ce komai ba. Aku ya san abin da ke bayan ganuwa kafin ya tsare Musa. Ni na tsare yaron nan mako biyar ban taɓa tambayar abin da ke bayan ƙofar da yake fita ba, kuma da bulala da labari duk ban tambaya ba. Washegari na sami malamin da ke da darasin ƙarshe na Laraba, na roƙe shi muka yi musanya, na kuma je na yi wa shugaban makaranta bayanin halin da yaron yake ciki.

Laraba ta gaba ya baro bakin ƙofa ya zauna a layi na biyu. Alhamis da la'asar na shiga kasuwa sayen cefane, na hango shi ya ɗoro buhu uku a baro, gumi ya jiƙa rigar makarantar da ya juya bai. Ya gan ni, ya dire baron, ya gaishe ni yana haki. Sannan ya ce, "Malam, wai Sarkin zai dawo kafin a yi hutu?"

Na ce masa sai Laraba.